Shaidar Hali a Ƙofar Fita

Gabatarwa

Kowace shekara, idan damina ta kankama, dubban matasa a ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya, tun daga Kafin Hausa da Auyo har zuwa Guri da Birniwa, sukan ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe ta sakandare. Bayan 'yan watanni kowannensu yakan koma makarantarsa ya karɓi takardu biyu. Ta farko ita ce ta sakamakon jarrabawar WAEC ko NECO, wadda ke faɗin abin da ya ci a Turanci da Lissafi da sauran darussa. Ta biyu ita ce takardar shaidar ɗa'a, wadda ɗalibai ke kira testimoniyal. A cikinta akwai gurbin da ake rubuta halinsa, da muƙamin da ya riƙe, da ƙungiyoyin da ya shiga, da wasannin da ya yi.

Takarda ta farko ana tsare ta kamar dukiya. A rufe ake kawo tambayoyi, a sa masu sa ido, sannan a kai amsoshin wani wuri a ba malaman da ba su san ɗalibin ba su duba. Ta biyu kuwa, sau da yawa a yini guda ake cike ta ɗalibai masu yawa, kuma jimla ɗaya ce ke yawo daga takarda zuwa takarda: halinsa yana da kyau. Alhali duk wanda ya taɓa ba wani ajiya, ko ya ɗauki yaron shago, ko ya aurar da 'ya, ya san cewa abin da takarda ta biyu ke da'awar sani shi ne ya fi damunsa. Don haka tambayar da nake son dubawa ita ce: shin makaranta na da hurumin shaidar halin matashi ɗan shekara 18? Idan tana da shi, a kan wace hujja? Matsayina shi ne tana da hurumin, har ma nauyi ne a kanta, amma da sharaɗi biyu: ta faɗi abin da ta ga ya aikata kawai, kuma ta buɗe ido ta ga aikinsa na wajen aji, har da wanda yake yi a bayan katangarta.

Zanen dutse ko ɗanyen icce

Hausawa sun yi magana biyu a kan hali, kuma a zahiri sun saɓa wa juna. Sun ce hali zanen dutse ne. Sun kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ta farko ce gaskiya, babu abin da shekara shida ta sakandare za ta ƙara ko ta rage, kuma duk wata ƙungiyar ɗalibai ɓata lokaci ce. Idan ta biyu ce, to makaranta na da hannu a cikin abin da take shaida a kai.

A ganina maganganun biyu abubuwa biyu suke nufi, sai dai kalmar ce ta zo ɗaya. Akwai ɗabi'ar da ake haifar mutum da ita: wani mai shiru-shiru ne, wani bakinsa ba ya hutawa, wani mai saurin fushi, wani mai sanyi. Duk uwar da ta haifi 'ya'ya da yawa ta san wannan tun suna goye. Sannan akwai abin da mutum ke yi da ɗabi'ar tasa, kuma shi ake yabo ko zargi a kansa. Mai saurin fushi yana iya zama azzalumi, yana kuma iya zama wanda ba ya jure ganin ana zaluntar wani. Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo hujjar cewa da hali ba ya canzawa, da wa'azi da nasiha da tarbiyya duk sun zama aikin banza. Ya yi misali da ƙwallon dabino: ba za a taɓa mayar da shi tuffa ba, amma ba zai zama bishiyar dabino ba sai an reno shi. Tun kafin shi, masanin falsafar Girka, Aristotal, ya nuna cewa mutum yana zama mai adalci ne ta hanyar yawan aikata adalci, kamar yadda magini ke zama magini ta hanyar yin gini.

Idan haka ne, sai mu tambaya: a ina ɗalibi ke samun damar yin wannan gini? Baturen nan masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, ya tattara siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wanda ya dubi jerin da kyau zai ga cewa kusan dukkansu sai da mutum na biyu suke tabbata. Amana sai da mai ba da ajiya, karamci sai da baƙo, adalci sai da masu jayayya. Zauren jarrabawa kuwa an gina shi ne musamman don a raba mutum da kowa, ya zauna shi kaɗai da takardarsa. Abu ɗaya daga cikin goman yake iya gwadawa, wato ko ɗalibi zai yi satar amsa ko ba zai yi ba. Sauran taran a wani wuri ake ganin su.

Inda hali ke bayyana

An ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar yana yabon wani, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko ya taɓa tafiya da shi, ko kuɗi sun taɓa haɗa su. Da ya amsa da a'a a kan duka ukun, sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. Abin lura shi ne, waɗannan ma'aunai guda uku duk suna nan a rayuwar ɗalibi ta bayan an tashi daga aji.

Mu ɗauki ma'ajin ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Legas a 1954, kuma da wuya a sami sakandare a ƙasar Hausa da babu reshenta. Yaro ne da aljihunsa babu komai, ga kuɗin karo-karon 'yan'uwansa a hannunsa, babu banki, babu mai binciken lissafi. Ko mu ɗauki kaftin ɗin ƙwallon gida a gasar wasanni, wanda alƙalin wasa ya hana shi ƙwallon da kowa ya ga ta shiga, ga ɗaruruwan 'yan kallo suna jiran ya ɗaga hannu su cika fili. Ko yarinyar da ta yi watanni tana tilawa don musabaƙar Alƙur'ani, gasar da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa a matakin ƙasa tun 1986, sai harafi ɗaya ya kayar da ita a zagayen ƙaramar hukuma, ga wadda ta kayar da ita tana jiran ta zo ta taya ta murna. Ko mai muhawara da aka ba ɓangaren da bai yarda da shi ba, aka ce ya kare shi ba tare da ya yi ƙarya ba.

Mafi nauyi a cikinsu shi ne muƙamin firifet. A makarantar kwana, ɗan aji shida da aka ɗora a kan rabon abinci ko aikin shara ya ɗanɗani mulki karon farko a rayuwarsa. Yana da ikon ƙara wa wani miya, da ikon sa ƙaramin yaro ya yi ta ɗibar ruwa har dare. Babu maki a wannan aiki, kuma malami ba ya tsaye a kansa. A nan ake ganin wanda ya tuna irin wuyar da ya sha yana aji ɗaya sai ya sassauta, da wanda ya tuna ta sai ya rama a kan waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. Na yi imani cewa mai son sanin yadda wani zai riƙe ofis nan da shekara ashirin zai fi ƙaruwa idan ya tambayi 'yan aji ɗaya na zamaninsa, fiye da idan ya dubi kiredit ɗinsa.

Wannan shi ne amfanin ƙungiyoyin makaranta na haƙiƙa. Suna ba matashi kuɗi kaɗan, da iko kaɗan, da faɗuwa ƙarama, a lokacin da kuskurensa ba zai rushe gida ba, kuma akwai babba a kusa da zai gyara masa. Makarantar da ta rufe su don a sami ƙarin lokacin bitar tsofaffin tambayoyin JAMB ta rufe wurin da ake tanƙwara iccen ne, kuma ta toshe tagar da za ta leƙa ta ga abin da za ta yi shaida a kai.

Aikin da makaranta ba ta gani

Sai dai a ƙasar Haɗejiya maganar ba ta tsaya nan ba. Fam ɗin shaidar ɗa'a gado ne daga makarantun kwana na zamanin Turawa, inda ɗalibi ke kwana ya tashi a gaban malamansa, kuma yammacinsa nasa ne. Yawancin ɗalibanmu a yau na jeka-ka-dawo ne, kuma yammacinsu na gidansu ne.

Ƙasarmu ƙasar ruwa ce. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, wanda ke malala cikin fadamu kafin ya haɗu da na Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kacalla ta yaɗu ta toshe hanyoyinsa, har ya zama wani gari na kukan ruwa ya yi yawa, wani na kukan bai iso ba. Gidan da ke rayuwa a kan wannan ruwa ba ya iya barin saurayi ɗan shekara 17 ya zauna. Da damina yana gonar shinkafa. Da rani yana bakin injin ban-ruwa a gonar alkama ko tattasai. Wani yana kwana a kwale-kwale da mahaifinsa, wani yana ɗaukar kwali a kasuwar kifi ta Haɗejiya. 'Yar'uwarsa kuwa daga makaranta sai murhu da reno, daga nan sai Islamiyya, kuma ko da an buɗe ƙungiyar wasan kwaikwayo da yamma, ba kowane uba ne zai bar ta ta koma ba.

A ajinmu akwai wani yaro daga wani ƙauye na bakin kogi da ban taɓa ganin sa a taron wata ƙungiya ba. Ana kaɗa ƙararrawar tashi yake hawa kekensa. Malamai sun san shi da makara da gyangyaɗi. Mu da muke zaune kusa da shi ne muka san cewa mahaifinsa ya kwanta ciwo tun muna aji huɗu, kuma shi ke noma abin da gidansu ke ci, shi ke kai kifi kasuwa, shi ke riƙe da kuɗin adashin masuntan unguwarsu saboda dattawa sun yarda da lissafinsa. Da muka karɓi takardunmu, a gurbin ƙungiyoyi da muƙamai da wasanni an ja masa layi uku. Ni da na yi shekara biyu ina karanta labarai a taron safe, an cika mini gurbin har ya yi kaɗan. Babu wanda ya yi masa ƙarya, amma duk baƙon da ya ɗora takardun nan biyu a kan tebur zai fahimci akasin gaskiya game da wanda ya fi cancantar a ba amana a tsakaninmu.

Haka kuma a manyan ambaliyoyin 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya ci gonaki da gidaje a faɗin masarautar, matasa ne suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga dare da rana don kare garuruwansu, kuma a cikinsu akwai 'yan sakandare. Wannan aikin gayya ne irin wanda kakanninmu suka sani. Babu rajista, babu shugaban ƙungiya, babu takardar yabo. Idan manufar ƙungiyar sikawut ko ta agaji ita ce a koya wa yaro tsayawa don jama'a a lokacin wuya, to wanda ya kwana cikin laka har gwiwa ya riga ya yi abin da ake koyarwar. Tsarin da ke ƙirga atisaye ya manta da aikin kansa yana auna hutun da ɗalibi ke da shi ne, kuma hutu a ƙasarmu na masu hali ne, hali irin na aljihu.

Hujjojin masu ja da baya

Akwai masu ganin cewa gara makaranta ta tsaya a kan maki, ta bar hali ga Allah. Hujjojinsu ba na wasa ba ne, kuma uku daga ciki sun cancanci amsa.

Ta farko ita ce, duk abin da aka fara ba lada a kansa za a fara ƙirƙirar sa. A Amurka, inda manyan jami'o'i ke duba wasanni da ayyukan sa-kai kafin su ɗauki ɗalibi, an bankaɗo wata badaƙala a 2019, inda iyaye masu kuɗi suka biya aka nuna 'ya'yansu a matsayin 'yan wasan da ba su taɓa zama ba, har da haɗa hotunan bogi. Ko ba a kai ga zamba ba, yaron da ya ziyarci marasa lafiya don a rubuta a takardarsa ya koyi riya ne.

Ta biyu ita ce, ma'aunin hali ƙofa ce ta son zuciya. A shekarun 1920 Jami'ar Harvard ta ƙara nauyin abin da ta kira hali a wajen ɗaukar ɗalibai, kuma masu bincike sun nuna cewa an yi amfani da shi wajen rage yawan Yahudawa, waɗanda ke cin jarrabawa da kyau. A wurinmu ma ba a rasa mai tambayar ɗan wane ne kafin ya yanke ko yaro na da tarbiyya. Maki ko ba komai bai san ɗan sarki da ɗan masunci ba. Akwai kuma wani son zuciyar da ya fi wannan ɓoyuwa: malami yakan ɗauki shiru a matsayin ladabi, ya ɗauki yawan tambaya a matsayin rashin kunya, saboda mai shiru ya fi sauƙin sarrafawa.

Ta uku ita ce, ɗan shekara 18 bai gama zama abin da zai zama ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, in ji masu iya magana, kuma haka ba a yanke ƙauna daga yaro don ya yi ƙuruciya. Kowa ya san fitinannen ajinsu da ya zama dattijon kirki, da salihin da ya ba mutane mamaki.

Dukkan hujjojin nan gaskiya ne, amma idan aka lura, abin da suke suka shi ne makaranta ta zama alƙali. Ba su taɓa matsayinta na mai shaida ba. Alƙali yakan ce wane mutumin kirki ne, wane kuma ba shi ba ne. Mai shaida yakan ce ga abin da na gani a rana kaza. Jimlar "halinsa yana da kyau" hukunci ce, shi ya sa take da sauƙin sayarwa, da sauƙin karkatarwa, kuma take rufe ƙofar canji. Amma idan aka rubuta cewa ya riƙe kuɗin ƙungiya shekara guda kuma lissafinsa ya cika, ko ta koyar da 'yan aji ɗaya karatu zango biyu ba tare da an sa ta ba, ko yana noma yana ciyar da gidansu tun yana aji huɗu kuma bai bar makaranta ba, to an faɗi abin da za a iya bincikawa. Ƙirƙirar sa na da wuya a garin da kowa ya san kowa. Bai dogara da sunan uba ba. Kuma bai ce komai a kan gobe ba, ya bar mai karatu ya yi nasa hukuncin.

Sannan ja da bayan ma ba tsira ba ne, domin makarantu ba su daina sa hannu ba. Suna ci gaba da buga hatimi a kan yabon da ba su bincika ba. Musulunci ya sa shaidar zur a cikin manyan zunubai, kuma ban ga dalilin da zai fitar da shaidar da aka rubuta a fam daga wannan hukunci ba. Wanda ya shaidi kirkin ɗalibin da bai san fuskarsa ba ya cuci mutum biyu: baƙon da zai dogara da takardar, da ɗalibin kirki na gaske, wanda aka mayar da yabonsa daidai da na kowa.

Kammalawa

Abin da wannan ke nema daga makaranta ba kuɗi ba ne masu yawa. Malamin aji ne ya kamata ya rubuta shaidar, domin shi ya zauna da ɗalibin, shugaban makaranta kuma ya tabbatar. A riƙa ajiye ɗan littafi tun daga aji huɗu, a rubuta abin da aka gani lokacin da aka gan shi. A ƙara gurbi a fam don aikin gida da sana'a da hidimar gari, a tambayi ɗalibi da bakinsa me yake yi bayan an tashi, a tabbatar daga mai unguwa ko malamin Islamiyya. A sanya wasu ayyukan ƙungiyoyi cikin lokacin makaranta don 'yan mata da 'yan nesa su samu shiga. Inda kuma malami bai ga komai ba, ya yi ƙarfin halin barin gurbin a buɗe, domin gurbin da babu komai ya fi wanda aka cika da zato mutunci.

Jami'o'in Nijeriya, a ranar yaye ɗalibai, sukan bayyana cewa sun same su da cancanta ta fuskar hali da ta ilimi, kuma hali suke fara ambata. Sakandare ce ke miƙa musu waɗannan matasa, ita ce kuma makaranta ta ƙarshe ga da yawa da ba za su wuce nan ba, waɗanda za su koma gona da kasuwa da ɗakin aure da wannan takarda a cikin akwati. Shekara shida sun yi a gaban malamansu. Mafi ƙarancin haƙƙinsu a ƙofar fita shi ne wanda zai yi magana a kansu ya kasance ya dube su.